Na kunna layukan kyamara amma hoton bai gyaru ba, ina matsalar take?

Hauwa Fagge:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga manyanmu na wannan zaure. Tun da aka ce mu kunna layukan nan da ke raba allon kyamara gida tara nake aiki da su, ina ɗora mutum a kan layin hagu ko na dama yadda aka koya mana. Ga hoton da na ɗauka a marinar Ƙofar Mata ranar Asabar. Dattijon yana kan layi daidai, idonsa ma a mahaɗar layukan ya faɗa, amma ni dai hoton bai yi mini ba, kuma na rasa dalili. Wayar ce ko kuwa?

Nura Mai Kyamara:
Wa alaikumus salam. Wayar ce mana, ƙanwata. Ki samo kyamara da lens (gilashin gaban kyamara) mai milimita 85, ki buɗe ƙofar haskensa sosai a 1.8, duk tarkacen nan na bayansa zai narke ya zama hayaƙi. Shi ke nan an gama magana.

Baba Sabo Mai Hoto:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, kada ki biye wa Nura, so yake ya raba ki da kuɗin adashinki. Wayarki lafiyarta ƙalau. Buɗe hoton ki rufe fuskar dattijon da ɗan yatsa, sannan ki duba abin da ya rage. Falwaya ta tsiro daga tsakiyar hularsa ta miƙe sama. A ƙasa ta dama ga jan bokitin roba, kuma ja ya fi shuni ƙarfi a ido, don haka kowa bokitin zai fara gani. A hagu ga rabin ƙafar wani da silifas, ba mu san mai ita ba. Sama kuwa fari fat, ya cinye kusan rabin hoton bai ce mana komai ba.

Kin duba inda za ki ajiye mutumin, abin da ke bayansa da gefunansa ne suka ci ki. Layuka ba za su gaya miki akwai falwaya ba. Da kin gusa taku biyu zuwa dama, falwayar ta fita daga kansa. Da kin ɗaga wayar kin ɗan sunkuyar da ita, sama ta fita, ramukan rini su cika bayansa. Abin da ya kai ki marina ai ramukan ne da hannun nan nasa da shuni ya rine har gwiwar hannu, kuma hannun ne kika yanke daga wuyan hannu.

Hauwa Fagge:
Ikon Allah. Baba, wallahi sai yanzu na ga bokitin.

Nura Mai Kyamara:
To Baba, ai maganata ce kuka maimaita. Da bayan ya dushe ba wanda zai ga falwaya.

Baba Sabo Mai Hoto:
Za a gan ta, sai dai ta zama baƙin sanda mai dishi-dishi, tana nan a kansa. Kuma in ka dusar da marina, me ya rage? Tsoho da hula. Wa zai san a ina aka ɗauka? Ku yaran yanzu kun mayar da dusar da baya maganin kowace cuta, shi ya sa hoton biki a Kano da na Kaduna da na Jos duk iri ɗaya suke fitowa, amarya da koren hayaƙi a bayanta.

Malam Bashir Zariya:
Baba ya faɗi gaskiya, amma bari in ɗan kare layukan kada a yi musu rashin adalci. Ƙa'idar raba hoto kashi uku ta girmi kyamara. Wani Baturen Ingila mai zane, John Thomas Smith, ya rubuta ta a 1797 yana magana a kan zanen filin karkara, yadda za a ba sama kashi biyu ƙasa kashi ɗaya ko akasin haka. Sai a 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa. Abin da ƙa'idar ke yaƙa shi ne ɗabi'ar ɗan koyo ta dasa komai a tsakiya ba tare da tunani ba, musamman layin da ƙasa ta haɗu da sama. A nan tana da amfani ƙwarai. Kamar layin littafin rubutun 'yan firamare take, yana hana rubutu gangarawa, amma ba shi zai ba yaro abin da zai rubuta ba.

Nura Mai Kyamara:
Malam, ni a wajen aiki ba na ma kunna su. Ku je ku ɗora amarya a gefe ku bar fili a ɗaya gefen, ku ga abin da uwar biki za ta ce. Sai ta tambaye ka ko bangon ne ya biya ka kuɗi. So take a ga 'yarta a tsakiya, daga ɗaurin kai har takalmi, a ga leshin, a ga lallen, a ga sarƙar. Wannan fa shi ne kasuwa.

Malam Bashir Zariya:
Kuma uwar bikin ba ta yi kuskure ba, Nura. Ka duba hotunan Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe situdiyonsa a 1948. Yawancin mutanensa a tsakiya suke, suna fuskantar kyamara sosai, kuma yau ana rataye su a manyan gidajen adana zane na duniya. Abin lura shi ne bayan. Yakan shimfiɗa zane mai ado a bayan mace mai sanye da zane mai ado, ado kan ado, amma fuskar tana fita tas saboda ita kaɗai ce wurin da ido ke hutawa. Sai ka dawo gida ka duba J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda tun 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Najeriya har ya tara kusan hoto dubu. Shi bayan nasa wayam yake, sau da yawa ma ta ƙeya yake ɗauka, ba fuska, don kada wani abu ya yi gasa da kitson. Ɗaya ya cika baya, ɗaya ya share shi, amma kowannensu da gangan ya yi. Hoton Hauwa kuwa bayan ne ya zaɓi kansa.

Maman Ilham:
Ni dai ina gefe ina ɗaukar darasi. Atamfa da turaren wuta nake sayarwa, a kan gado nake ɗauka, kullum sai zanen gadon ya fi kayan fitowa.

Baba Sabo Mai Hoto:
Hajiya, sami farin yadi ko tabarma marar ado ki shimfiɗa kusa da taga, ki kashe ƙwan ɗaki, kwalba ɗaya ko uku kawai a hoto, kada ki jera duk shagon. Naki mai sauƙi ne.

Hauwa Fagge:
To Baba, ta yaya mutum zai saba da ganin waɗannan abubuwan kafin ya danna? Don a lokacin ni fuskar kawai nake gani.

Baba Sabo Mai Hoto:
Kowa haka yake, 'yata, ido abin da zuciya ke so yake gani ya watsar da saura, kyamara kuwa ba ta watsar da komai. Bari in gaya miki yadda aka koya mana. Kyamarar da na fara riƙewa a shagon maigidana Yashica ce mai ido biyu, wadda ake riƙewa a ciki a leƙa ta sama. Fim ɗinta hoto 12 ne kacal, kuma hoton murabba'i ne, tsawo da faɗi ɗaya. Abin da ke cikin gilashin a juye yake, hagu ta koma dama, ka motsa nan hoton ya tafi can. Wannan juyin ya taimake mu, don ba mutumin da ka sani kake gani ba, siffofi kake gani a cikin akwati, dole ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Maigidana ba ya barin yaro ya danna sai ya faɗi da baki abin da ke kowace kusurwa huɗu. Sama ta hagu reshen darbejiya, sama ta dama bango, ƙasa ta dama buta. In ka ce buta sai ya ce, to buta ta biya kuɗin hoto? Sai ka je ka ɗauke ta.

Ki yi haka da wayarki. Zaɓi wuri ɗaya kusa da gida, mai shayi ko mai ƙosai ko bakin rijiya, ki ce yau hoto 12 zan ɗauka ba ƙari. Kafin kowanne ki zagaya kusurwa huɗun da ido. Kada ki taɓa zuƙowa da yatsa, ƙafarki za ta yi aikin. Ɗaya a tsaye, ɗaya a tsugune, ɗaya kin hau dakali, ɗaya ta cikin ƙofar zaure yadda bakin ƙofar zai kewaye mutumin. Abu ɗaya ne, amma za ki ga hoto 12 daban. Gobe ki koma wurin dai, kada ki canza. Sabon wuri yana ruɗar ɗan koyo, sai ya ɗauka kyawun wurin gwanintarsa ce.

Nura Mai Kyamara:
A nan kam ban yarda ba, Baba, da girmanku. Ku talauci ne ya sa ku ƙirga hoto, fim da wanki kuɗi ne. Yanzu katin ajiya na kyamara ɗaya yana cin hoto dubbai. Wanda ya ɗauki ɗari biyar a rana ai ya fi mai 12 saurin koyo. Ni haka na koya, na yi ta harbi har hannuna ya faɗa.

Baba Sabo Mai Hoto:
Ɗari biyar ɗin daga wuri nawa ka tsaya ka ɗauke su?

Nura Mai Kyamara:
Baba kun fara.

Malam Bashir Zariya:
Ni ina ganin ku biyun ba abu ɗaya kuke koyarwa ba. Na Baba yana koyar da inda za a tsaya, na Nura yana koyar da lokacin dannawa. Wanda zai ɗauki tulu ko gini ko tsoho a zaune, 12 ta ishe shi. Wanda zai ɗauki doki a guje ko ɗan dambe ya kai naushi, in ya tsaya ƙirga kusurwa an tashi daga wasan.

Sadiq Ɗan Agundi:
Yauwa Malam, nan nake jira a zo. Ni burina hawan sallah. Bara a Hawan Daushe na tsaya wajen Ƙofar Kudu, dawakai sun zo jahi, duk hotunan da na samu ko hancin dokin ya manne da bakin hoto ko mashin ya fita waje. Yaya Nura, ya kuke yi?

Nura Mai Kyamara:
Wannan fagena ne. Na farko, ka bar wa doki fili a gabansa, wajen da ya nufa. In daga hagu ya taho, shi yana hagu, filin yana dama. In ka sa filin a bayansa sai ya zama kamar zai fice daga hoton, mai kallo ya ji a takure. Ka ga a nan layukan Hauwa suna aiki. Na biyu, ka buɗe hoton fiye da yadda kake so, saboda mahayi zai ɗaga mashi ko takobi ba sanarwa, ga rawani, ga lema in tawagar sarki ce. Na uku, in kyamara ce kada gudun shata, wato saurin ƙiftawar kyamara, ya gaza 1/1000 na sakan, in waya ce ka yi amfani da ɗauka a jere. Kuma hawan bayan la'asar ake yi, rana ta yi yamma, ka nemi inda za ta zo maka ta gefe. Ƙurar da kofato ke tayarwa in haske ya ratsa ta, ita ce rabin hoton.

Amma babbar shawarar ita ce kada ka jira ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fita bakin titi da yamma ka yi ta gwadawa da Adaidaita Sahu da masu babur. Ka zaɓi bango mai kyau a tsallaken titi, ka tsara hotonka babu kowa a ciki, ka tsaya cak ka jira abin hawa ya shigo inda ka tanadar masa. Kada ka bi shi da kyamara. In ka iya kama Adaidaita a daidai wurin sau da yawa a jere, doki ba zai ba ka wuya ba.

Baba Sabo Mai Hoto:
Ka ji ɗan banza, ashe ya san a fara tsara baya sannan a jira mutum. Shi ne ɗazu yake cewa a sayi lens.

Nura Mai Kyamara:
Baba ai a wajenku muka sata.

Malam Bashir Zariya:
Sadiq, ƙari a kan na Nura. Tun da UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, masu kyamara ƙaruwa za su yi, kuma duk wuri ɗaya suke cunkusuwa su ɗauko hoto iri ɗaya. Ka riƙa juyawa baya. Yaran da suka hau katanga, mai riƙe da linzami yana gumi, 'yan bindiga suna ɗura albarushi, dogari da jar rigarsa a cikin taron masu fararen kaya. Ja ɗaya a cikin fari hoto ne da kansa, bokitin Hauwa ke nan amma wannan karon da niyya.

Issoufou Agadas:
Salamu alaikum mutanen Najeriya, ina biye da ku daga nan Agadas. Tawa matsalar hasumiyar babban masallacinmu ce, mita 27 ce ta laka. Duk baƙon da ya zo yana tsayawa a gindinta ya ɗaga waya sama, sai ta fito kamar za ta faɗi baya. Ni ma da nake ganinta kullum ban samu hoton da ya gamsar da ni ba.

Malam Bashir Zariya:
Malam Issoufou, marhabin. Babbar kyamarar yawancin wayoyi mai faɗin gani ce, wajen milimita 24 zuwa 26 a ma'aunin tsohon fim. Da zarar ka karkata ta sama, layukan da ke tsaye sai su tsuke su nufi juna. Hasumiyarku kuwa dama can tsukewa take yi tana hawa, ka ga abu ya haɗu biyu. Ka ja da baya sosai, ka riƙe wayar a miƙe ba karkata, ko ka samu soron wani ka hau da izininsa har ka kai kusan rabin tsayinta. Sannan ka sa mutum a ƙasa, ko mai tafiya da raƙumi ko yaro a kan keke, don ba mai sanin mita 27 sai ya ga ɗan Adam kusa da ita. In ka samu lungun da ya miƙe ya nufe ta, bangayen biyu za su ja ido har gindinta. Da sassafe ko gab da magariba itatuwan nan da suka fito daga jikinta suna jefa inuwa a kan lakar, da tsakar rana kuwa duk sai ta baje.

Wannan faɗin ganin ne kuma ke kumbura hancin mutum in an matso da waya kusa da fuska. Hauwa, in hoton fuska za ki ɗauka ki ja baya ki danna 2x. Ko wayar ba ta da lens na biyu, nisan kaɗai zai daidaita fuskar.

Hauwa Fagge:
Malam, to Baba ya ce kada in zuƙo.

Baba Sabo Mai Hoto:
A wajen atisaye na ce, don ƙafa ta koyi tafiya. In kin koya ki zuƙo abinki.

Sadiq Ɗan Agundi:
To wai duk wannan wahalar, ba sai mutum ya ɗauka da faɗi ya zo gida ya yanke ba? Bokitin ma ai akwai manhajar da ke goge shi.

Baba Sabo Mai Hoto:
Yanka yana cire abin da ke gefe. Ba ya cire falwaya daga kan mutum, ba ya mayar da kai tsugune in a tsaye ka ɗauka, ba ya dawo da hannun da ka bari a waje. Gogewa kuwa ni ba na kiran sa hoto.

Malam Bashir Zariya:
Baba, a nan zan ɗan saɓa muku kaɗan. Henri Cartier-Bresson na Faransa ya fi kowa tsanani a kan wannan, har baƙin layin gefen fim yake sa a bari a jikin hotonsa don a san ba a yanke ba. Amma shahararren hotonsa na 1932, na mutumin da ke tsallake ruwa a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare, ta tsakanin katakon shinge ya ɗauka, katakon ya tare gefen hagu, kuma yanke shi aka yi. In shi ya yanke da larura ta kama, Sadiq ma zai iya. Abin da ba na so shi ne mutum ya ɗauka da niyyar gyara daga baya.

Nura Mai Kyamara:
Mu masu biki ma dole mu bar wurin yanka, ba don lalaci ba. Kyamara tana ba da hoto mai ma'aunin faɗi da tsawo 3:2, wanda ya dace da kati mai inci 4 da 6. Uwar biki ta ce a wanke mata 8 da 10 a sa a firem, nan take gefe da gefe sun tafi. In ka cika hoton dangi maƙil har baki, to gwaggon da ke ƙarshen layi ta fita, kuma ita ce za ta zo karɓar hoton. Ga masu son sawa a status, shi kuma dogo ne 9:16. Masu waya ku bar ta a 4:3, shi ne cikakken abin da yawancin wayoyi ke ɗauka, in kun sa ta cika allo yanke muku take tun kafin ku gani.

Baba Sabo Mai Hoto:
Wannan na yarda, barin wurin firem daban, tun zamaninmu muna yi. Ta Bafaranshen kuma Malam, sau ɗaya ka kawo mini. Kawo na biyu.

Malam Bashir Zariya:
Baba ku bar ni haka.

Maman Ilham:
Wata 'yar magana, don na ga ana ta cewa a je wajen mai shayi da mai ƙosai. Don Allah a riƙa sallama a nemi izini, musamman mata da yaran mutane. Wata ba ta son fuskarta a intanet, kuma tana da gaskiya.

Baba Sabo Mai Hoto:
Allah ya yi miki albarka, Hajiya. Kuma wanda ka gaisa da shi ka sayi shayinsa, shi zai bar ka ka ja bencinsa ka kawar da bokiti. A marina ma haka, a gaida dattawan, in sun nemi ɗan abin goro a ba su, wurin sana'arsu ne.

Sadiq Ɗan Agundi:
To a sa mana rana mana. Ni ina ganin mu hau Dala da safe tunda hazo ya fara sauka.

Nura Mai Kyamara:
Dala a hazo in ba ka sa wani abu a gaba ba farin allo za ka kwaso. Sai ka samu dutse ko mutum a kusa ya yi duhu, rufin gidaje a tsakiya, Goron Dutse can baya ya dushe, hawa uku ke nan. Wannan darasin wani mako ne. Ku fara da na Baba, kowa hoto 12 a unguwarsu, ya turo uku ba yanka ba gogewa. Ni ma zan yi, da waya, don kada a ce.

Hauwa Fagge:
Na shiga. Zuwa yaushe?

Nura Mai Kyamara:
Asabar ina da kamu da dina, a bar shi Lahadi bayan isha'i. Malam Issoufou, kai hasumiyar za ka turo, daga lungu.